Friesland, Lardin da Yashe Lambatu Ke da Hukumarsa

Bakano ya san Holan ko bai taɓa taka jirgi ba. Ya san ta a jikin atamfar da iyaye ke nema a Kantin Kwari idan za a haɗa lefe, dattawa kuma ba su manta zamanin da jirgin KLM ke sauka a filin jirgin saman Kano ba. Amma abin da ya fi shiga gidajenmu daga can shi ne ɗan gwangwanin nan na madarar Peak, wanda tun 1954 ake sayar da shi a Najeriya, har ya zama kowane mai shayi a Kaura Goje yana da jerinsa a kan tebur. Masana'antar da ta fara ɗura wannan madara tana birnin Leeuwarden, fadar lardin Friesland, can ƙuryar arewacin ƙasar. Wani gajeren kwas kan kiwon shanun madara ne ya kai ni can a watan Mayu. Shanu na je koyo, sai ga shi labarin ruwa ya fi cika mini littafi, domin a can duk wanda ka ɗauko wa zancen saniya, kafin ka ankara ya gangaro da kai kan ruwa.

Larduna 12 ne a Holan. Friesland na da mutane wajen 660,000 a kan ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 3,300 da ɗoriya. Don mai karatu ya auna, ƙaramar hukumarmu ta Nassarawa kaɗai ta kusa kai mutum 600,000 a ƙidayar 2006, a filin da bai kai murabba'in kilomita 40 ba. Arewa da lardin akwai tekun Wadden, mara zurfi, wanda ke janyewa sau biyu a yini ya bar taɓo shimfiɗe iya ganinka, a bayansa kuma tsibirai huɗu masu mutane: Vlieland, Terschelling, Ameland da Schiermonnikoog. Ƙasar iri uku ce. Bakin teku yumɓu ne mai nauyi da albarka, inda ake noman dankalin Turawa na iri. Kudu maso gabas jigawa ce mai yashi da bishiyoyi. Tsakiya da kudu maso yamma kuwa fadama ce da tafkuna, baƙar ƙasa da ta samu daga ruɓaɓɓen ciyayi na dubban shekaru, kuma da yawanta tana ƙasa da fuskar teku.

Wani ɗan Zangon Kumasi da ya daɗe a Amstadam ne ya ɗauke mu a mota muka yi arewa. Bayan tafiyar kusan awa guda sai ƙasa ta ƙare, hanya kuwa ta ci gaba: kwalta miƙaƙƙiya a kan wata jinga, wato ganuwar tare ruwa, mai tsawon kilomita 32, daga garin Den Oever har gaɓar Friesland. Sunanta Afsluitdijk. Daga cikin mota ruwan hannun dama kawai kake gani, na hagu jingar ta kare shi, sai da muka tsaya a Kornwerderzand muka hau sama sannan na ga duka biyun. Na hagu ruwan gishiri ne mai launin toka, yana dukan manyan tubalan siminti. Na dama ruwan daɗi ne, kwance. Kafin 1932 ruwa ɗaya ne, wani hannun teku da ake kira Zuiderzee, wanda ya kutso cikin ƙasar yana cin garuruwa duk lokacin da guguwa ta ingizo shi. Injiniya Cornelis Lely ya zana yadda za a rufe bakinsa tun 1891, aka yi ta jan ƙafa saboda tsada, sai da ambaliyar Janairun 1916 ta yi ɓarna sannan majalisa ta yi doka a 1918. An toshe kafa ta ƙarshe ranar 28 ga Mayu 1932, shekara uku bayan rasuwar Lely. Cikin 'yan shekaru ruwan koguna ya wanke gishirin, tekun ya zama tafkin IJsselmeer. Masuntan garuruwan gaɓar ne suka biya kuɗin wannan nasara, don kifin da suka dogara da shi ya ɓace, jiragensu suka ruɓe a kwata. Bayan shekara kusan 90 aka fara haƙa wa kifi hanya ta cikin jingar a daidai inda muka tsaya.

Wannan aikin gwamnati ne da injuna. Abin da ya fi ba ni mamaki ya girme shi da shekara fiye da 2,000, kuma da hannu aka yi shi. Mutanen farko da suka zauna a bakin tekun nan, tun wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa, ciyawa suka biyo da shanunsu. Ƙasar na da kyawun kiwo, sai dai teku na malale ta idan ya cika. Maimakon su tashi, sai suka riƙa tara yumɓu da kashin shanu da sharar gida suna yin tudu, su gina gida a kai, su da dabbobi ƙarƙashin rufi ɗaya. Ɗa ya ƙara a kan abin da uba ya tara, tudun maƙwabta ya haɗe, ya zama ƙauye. Irin wannan tudu shi ake kira terp, kuma ɗaruruwansu ne a Friesland.

Na je wanda ya fi kowanne tsawo, a ƙauyen Hegebeintum, mita 8.8. A ƙasar da ba ta da dutse ko ɗaya, daga nesa kake hango shi, da tsohon coci na ƙarni na 12 a ƙololuwarsa da 'yan gidaje a gefe. Da ka matso sai ka ga an yanke shi ta ko'ina, ya zama kamar malmalar tuwon da aka gutsure gefe da gefe aka bar tsakiya. Mai yi mana jagora ta ce a ƙarni na 19 aka gano cewa ƙasar tudun nan, da yake shekaru aru-aru ta yi tana shan taki, ta fi kowace ƙasa ƙarfi. Sai aka shiga sare tuddan ana lodawa a jiragen ruwa ana sayar wa manoman jigawa. Da yawa sun ƙare ƙaf, wasu kuma kaburburan da ke kewaye da coci ne suka tsayar da masu haƙa. A cikin haƙar aka riƙa tsintar tukwane da matajen ƙashi da kuɗin Rumawa da kayan zinariya, waɗanda yanzu suke gidan tarihi na Leeuwarden. Na daɗe ina kallon wannan yankakken bango. Abin da ke damuna game da ganuwar Kano, da ake ɗiba ana yin bulo ana kafa shaguna, shi ne ya faru a nan, kuma su ma sai da aski ya zo gaban goshi suka yi dokar hanawa.

Tudu yana ceton gida, ba ya ceton gona. Daga wajen shekara ta 1000 ƙauyuka suka fara haɗa hannu suna kewaye filayensu da jinga, kuma daga nan rayuwarsu ta sauya. Mai tudu shi kaɗai ya isa da tudunsa, amma jinga ta kowa ce, in rabon mutum ɗaya ya tsage, gari duka ya kwana a ruwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka aka auna wa kowane mai gona rabonsa na jinga gwargwadon filinsa, aka naɗa masu zagayawa su duba, aka yanka tara. A gaɓar nan har akwai tsohuwar ƙa'ida cewa wanda ya gaza riƙe rabonsa ya kafa shebur a kai, duk wanda ya zare shebur ɗin ya ɗauki nauyin jingar, gonar ma ta zama tasa. Hukunci ne mai zafi, amma wanda ya san abin da teku ya yi musu ba zai yi saurin zarginsu ba. Ambaliyar Disambar 1287 kaɗai ana ƙiyasin ta ci rayuka 50,000 a arewacin ƙasar. Bayan ta 1570, gwamnan da Sifaniya ta naɗa wa lardin mai suna Caspar de Robles ya tilasta wa masu gardama gyaran jingar Harlingen, kuma duk da cewa ɗan mamaya ne, har yau ginin tunawa da shi na tsaye a kan jingar.

A ganina wannan ne ya sa suka yi ƙarnoni ba su da sarki. Yayin da yawancin Turai ke ƙarƙashin masu sarauta da ke mallakar ƙasa da talakawan cikinta, mutanen Friesland alƙalai suke zaɓa daga cikin masu gonaki. Taurin kansu tsoho ne. A 754 sun kashe Boniface, babban mai yaɗa Kiristanci, kusa da Dokkum. A 1345 sarkin yankin Holan, Willem na Huɗu, ya tsallako da mayaƙa a jiragen ruwa, aka kashe shi a yaƙin Warns, kuma har gobe suna taron tunawa da ranar. Kada a ɗauka zaman lafiya ne zalla: manyan gidajensu sun rabu gida biyu suna yaƙar juna shekara da shekaru, kuma wannan rigima ce ta buɗe wa Albrecht na Saksoni ƙofa ya karɓi mulki a 1498. A 1524 lardin ya shiga hannun Sarki Charles na Biyar mai mulkin Sifaniya, daga baya ya zama ɗaya daga cikin larduna bakwai da suka ɓalle daga Sifaniya. A Fabrairun 1782 shi ne na farko a cikinsu da ya amince da 'yancin Amurka.

Hana teku shigowa rabin aiki ne. Ƙasar da aka kewaye da jinga, ruwan sama ma ba ya samun mafita, dole a ɗaga shi a zubar. A hanyarmu ta zuwa Lemmer direbanmu ya rage gudu ya nuna da baki ya ce, "Malam, dubi can, jirgi ya fi shanu tudu." Gaskiyarsa. Wani ƙaramin jirgin ruwa na wucewa a magudanar da ke tsakanin jinga biyu, shanu kuma na kiwo can ƙasa da shi. Kowane fili yana kewaye da lambatu, ƙananan famfuna na ɗaga ruwan lambatun zuwa manyan magudanai, magudanan da tafkuna kuma duk a haɗe suke, ana riƙe su a mataki ɗaya, santimita 52 ƙasa da ma'aunin teku da ƙasar ke amfani da shi. Idan ruwan ya haura, sai a tura shi waje. A Lemmer akwai gidan famfo na Wouda, wanda Sarauniya Wilhelmina ta buɗe a 1920, da bututun hayaƙinsa mai mita 60. Da tururi yake aiki, da kwal ake hura shi a da, daga 1967 aka koma baƙin mai. Yana iya kwashe ruwa mita dunƙule 4,000 a minti ɗaya. Na shiga ɗakin injunan na tarar da su tsit, an goge tagullarsu tana walƙiya, ƙamshin man inji ya cika wurin. Hukumar UNESCO ta saka shi cikin kayan tarihin duniya a 1998, amma bai yi ritaya ba. Idan ruwa ya fi ƙarfin famfunan lantarki, sai a kira ma'aikata su hura tukwane, bayan 'yan awoyi ya fara amai cikin IJsselmeer. Injin da ya haura shekara 100 yana tashi ranar da aka neme shi, domin akwai wanda aikinsa ke nan, akwai kuma kuɗin biyansa.

Kuɗin daga hukumar ruwa yake fitowa, Wetterskip Fryslân. Irin waɗannan hukumomi 21 ne a Holan, kuma jikokin waɗancan masu zagaya jinga ne. Ba reshen ma'aikata ba ne da gwamna zai naɗa ya sauke. Gwamnati ce mai cin gashin kanta: tana da majalisa da jama'a ke zaɓar yawancin wakilanta duk shekara huɗu, tana karɓar harajinta kai tsaye daga kowane gida da kowace gona, kuma ba a taɓa kuɗin sai don jinga da famfo da magudana da tace ruwan ƙazanta.

Manomin da aka tura ni gonarsa, kusa da Grou, shi ya nuna mini yadda abin yake a ƙasa. Dattijo ne dogo, mai ƙarancin magana, da takalmin roba har gwiwa. Muna zagaya filin sai ya tsaya a bakin wani lambatu mai faɗin taku biyu ya ce daga nan zuwa wancan shingen nasa ne, rabin faɗin kuma na maƙwabcinsa. Kowace shekara wajen watan Nuwamba, kafin ruwan hunturu, hukuma na duba ko an yanke ciyawar ciki an kwashe. Na ce, in mutum ya ƙi fa? Ya dube ni jim, sannan ya ce za a aiko masa takarda a ba shi wa'adi, in wa'adin ya cika hukuma ta turo mai mota ya yashe, a kawo masa lissafin kuɗin. Ya ƙara da cewa shi ba takardar yake tsoro ba, kunyar maƙwabcin da ke bayansa yake ji, don ruwansa ta nan yake bi.

Shanunsa sun haura 100, shi da ɗansa ne kawai ke kula da su. A cikin garken akwai na'urar tatsa mai sarrafa kanta. Na tsaya na ga wata saniya ta taso da ƙafarta ba mai kora, ta shiga akwatin ƙarfe, na'urar ta gane ta daga abin da ke wuyanta, ta zubo mata ɗan abinci, wani hannu ya miƙo ya wanke nonon, jan haske ya lalubo kan nono ɗaya bayan ɗaya ya maƙala bututu. Tana ci ana tatsa, allo na nuna lita nawa ta bayar. Wata da aka tatsa ba da jimawa ba ta dawo don kwaɗayin abincin, ƙofa ta buɗe ta sallame ta. Matsakaiciyar saniya a Holan na ba da lita wajen 9,000 a shekara. Bunajinmu a ruga, in ta ba da lita biyu a yini bayan maraƙi ya sha, an gode Allah. Mai sauraro zai ce to a kwaso mana irin nasu. An sha gwadawa, zafi da kaska da ƙarancin abinci na kayar da su, shi ya sa cibiyar binciken dabbobi ta Shika a Zariya ta daɗe tana haɗa jininsu da na Bunaji. Su kansu ba rana ɗaya suka kai nan ba. Tun 1879 suka buɗe littafin asalin shanu, ana rubuta kowace saniya da uwarta da ubanta. Da littafin ya cika shekara 75 a 1954 suka kafa mutum-mutumin saniya a Leeuwarden, suna ce mata innarsu.

Abin da ya fi na'urar muhimmanci a wurina shi ne tankin da ke ɗakin gefe. Madarar na tafiya can kai tsaye ta huce zuwa digiri 4. Duk bayan kwana biyu ko uku tankar kamfani ta zo, direba ya ɗebi samfur a 'yar kwalba, a gwada maiƙonta da sinadarin gina jikin da ke ciki, a kan wannan ake biya. In an samu ɓurɓushin maganin allura a ciki, tara ce mai nauyi. Kamfanin kuma na manoman ne. A shekarun 1870 man shanun Friesland, wanda matan gida ke kaɗawa a kai kasuwa a ɗora a jirgi daga Harlingen zuwa Landan, ya zubar da mutuncinsa saboda algus, Denmak ta ƙwace kasuwar. A 1886 manoma sama da 20 a ƙauyen Wergea suka haɗa kuɗi suka gina masana'antar madara ta gama-kai, ta farko a ƙasar. Ƙauyuka suka yi ta kwaikwayo. A 1913 waɗannan ƙungiyoyi suka haɗu suka kafa masana'antar madarar gwangwani a Leeuwarden, daga gare ta Peak ta fito. Haɗe-haɗe suka ci gaba har aka samu FrieslandCampina a ƙarshen 2008, wanda reshensa na Najeriya, WAMCO, aka kafa a 1973 yake da masana'anta a Ikeja. Mutanen da suka saba raba nauyin jinga, raba nauyin masana'anta bai zo musu baƙo ba.

Akwai darasi a nan da ban ji an faɗa a aji ba. Ranar da madara ta bar ɗakin uwargida ta koma masana'anta, sana'ar ta bar hannun mata, lissafi ya koma sunan maigida. A wurinmu nono na Bafulatana ne. Ita ke dama fura, ita ke ɗaukar ƙwarya zuwa gari, kuɗin kuma nata ne, da shi take cefane da kayan ɗakin 'ya'yanta. Yanzu da aka kafa ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya a 2024, ana kuma ta buɗe cibiyoyin tattara madara a Kano da wasu jihohi, ya kamata a rubuta sunan mai ƙwaryar a rajista, kuɗi ya faɗa hannunta. In ba haka ba, za a ƙara yawan lita a rage wa mata abin hannunsu.

Ba zan ɓoye abin da wannan yalwa ta ci ba, don su ma ba sa ɓoyewa. Domin fili ya ɗauki manyan shanu da tarakta, an riƙa rage ruwan lambatu a yankin baƙar ƙasa. Ita kuwa in ta bushe iska na cinye ta, tana nitsewa kusan santimita ɗaya a shekara, sai a ƙara famfo, ta ƙara nitsewa. Turakun katakon da aka kafa tsofaffin gidaje a kansu sun fito daga ruwa sun fara ruɓewa, bango na tsagewa. Yanzu hukuma na son ɗaga ruwan, manoma na cewa za a kashe musu ciyawa. Akwai wani tsuntsu mai dogon baki da dogayen ƙafafu da suke kira skries, wanda ke ƙwai a cikin ciyawar Friesland ya yi hunturu a gonakin shinkafar Senegal da Gini Bisau. Yankan ciyawa da wuri da bushewar fili sun sa yawansa bai kai sulusin na shekarun 1970 ba. Mai masaukina ya kai ni wani lungun gona da ya kafa wa sanduna, ya ce ba zai yanka nan ba sai tsakiyar Yuni, akwai sheƙa, kuma ana biyansa diyyar jinkirin. Sai kuma rigimar taki. A Mayun 2019 babbar kotun harkokin mulki ta ƙasar ta ce iskar da ke tashi daga kashin dabbobi na lalata dazuzzukan da doka ta kare, gwamnati ta fara maganar rage shanu, manoma suka tare tituna da taraktoci, a zaɓen larduna na Maris 2023 kuma jam'iyyarsu ta BBB ta zo ta ɗaya a ko'ina. Ɗan dattijon ya ce mini bai san ko nasa ɗan zai gaji gonar ba.

Harshensu ma da madara rigimarsa ta taso. Suna da yarensu dabam da na Holan, kusan rabin mutanen lardin da shi suka tashi, amma an daɗe ana ɗaukarsa yaren ƙauye da garke. An taɓa gurfanar da masu tallar madara don sun rubuta sunan hajarsu da yaren a jikin garwa. Da wani alƙali ya ƙi sauraron mai magana da yaren a kotu, ɗan jarida Fedde Schurer ya caccake shi, aka maka shi kotu. Ranar shari'ar, Juma'a 16 ga Nuwamba 1951, jama'a suka taru a gaban kotun Leeuwarden, 'yan sanda suka bi su da kulki. Abin ya girgiza gwamnati. A 1955 aka yarda a koyar da yara da shi, a 1956 aka ba shi izinin shiga kotu, a 1980 ya zama dole a firamare, a 1997 kuma sunan lardin a hukumance ya koma Fryslân. Duk da haka masu iya rubuta shi da kyau tsiraru ne. Na yi tunanin Hausa, mai masu magana miliyoyi da jaridu da fina-finai, amma ana cin tarar yaro a wasu makarantun kuɗi don ya furta ta.

Wata al'adarsu kuma yanayi ne ke ƙwace ta. Idan magudanai suka daskare, suna tseren kilomita kusan 200 a kan ƙanƙara da takalmi mai ƙarfe, a zaga birane 11 na lardin a yini ɗaya. Tun 1909 sau 15 kawai aka yi, don sai kaurin ƙanƙarar ya kai santimita 15. Rabon da a yi tun 4 ga Janairu 1997.

Mu ba teku ke damunmu ba, ruwan Agusta ne, kuma ba baƙon ilimi muke nema ba. Kakanninmu da gayya suka ɗaga ganuwa, kududdufan da suka haƙa don ƙasar gini su ke shanye ruwan birni. Mun cike su da bola mun yanka filaye. Manyan ayyuka ma mun yi: an gama madatsar Tiga a 1974 zamanin Audu Bako, injiniyoyin Holan na kamfanin NEDECO na cikin waɗanda suka tsara noman ranin Kadawa. Mun kuma ga abin da ke faruwa idan ruwa ya fi ƙarfin gini, a madatsun Bagauda a 1988 da Alau a Satumbar 2024. Inda muka yi rauni shi ne tsakanin gini da gini, wato wanda zai zagaya duk shekara, da kuɗin da ba za a karkatar ba. A layinmu na Kaura Goje kowa na share ƙofarsa ya tura wa na gaba, ledar ruwa da yashi su taru a ƙarshen layi, ruwan farko ya shiga ɗakin wanda ya fi kowa kwari, sau da yawa kuma shi ne ya fi kowa rashin hali. Tsaftar ƙarshen wata na taimakawa, amma abin da aka kwaso a jibge a bakin kwata, ruwa na gaba ya mayar da shi.

Ina roƙon masu unguwanninmu da limamai da ƙungiyoyin matasa na Kaura Goje da Gama da Gwagwarwa da Tudun Murtala su gwada abu ɗaya a bana. A samu littafi a rubuta kowane gida da iyakar lambatunsa. A sa rana a watan Mayu, kafin ruwa ya sauka, mai unguwa da dattawa biyu su bi layi su duba. Wanda bai yashe ba a ba shi mako guda, in ya wuce matasa su yi ya biya, gidan marayu da tsofaffi kuma a ɗauke musu. A haɗa kuɗin kura ko mota da za ta kwashe abin da aka fitar a ranar, a karanta lissafin a masallaci bayan sallar Juma'a. Kududdufin da ya rage a unguwa kuma, duk wanda ya zo da takardar fili a kansa, a taru a je a tambayi inda ruwansa zai koma.